Sun taso ni da bashin katin banki na shekara goma, me zan ce musu?

Sani Direba (Bronx):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don abin ya hana ni barci. A 2013 na karɓi katin bashi a wani banki a nan New York. Na kashe kimanin dala 2,100, yawanci a tikitin jirgi da kuɗin asibitin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Ina ta biya kaɗan-kaɗan har farkon 2015, sai jikinta ya yi tsanani na tafi Kano, na yi watanni babu aiki. Da na dawo na sake gida, ban ƙara jin ɗuriyar bankin ba. Makon jiya sai ga wasiƙa daga wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba, wai suna bin ni dala 5,870. Jiya kuma wata mata ta kira ni daga wurinsu, ta ce in na biya dala 50 a take za su yafe rabi, in kuwa na ƙi za su kai ni kotu, kuma abin zai taɓa takarduna. Ga shi ina shirin neman takardar zama ɗan ƙasa. In biya hamsin ɗin in huta, ko yaya?

Hajiya Rabi (Houston):
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Mama. Ƙanena, kada ka ba su ko sisi. Toshe lambar, ka yaga wasiƙar. Haka suka yi ta damun maigidana, da muka yi banza da su suka gaji suka bari.

Aminu (Brooklyn):
Hajiya, na yarda da ke a kan kada ya biya, amma kada ya yaga wasiƙar, makaminsa ce. Malam Sani, ni ba lauya ba ne, amma ina aiki da lauyoyin da ke kare masu ƙaramin ƙarfi a irin waɗannan shari'o'i, kullum muna ganin irin taka.

Kowace jiha a Amurka tana da wa'adin da mai bin bashi zai iya shigar da ƙara a cikinsa. Ana fara lissafi ne daga lokacin da ka daina biya. A New York da shekara 6 ne, amma daga 7 ga Afrilu 2022 aka mayar da shi shekara 3 ga bashi irin na kati. Ko da wanne aka auna, naka ya wuce tun tuni in dai da gaske biyanka na ƙarshe a 2015 ne. Bashin bai ɓace ba, suna iya rubuto maka su nema, amma ba su da hurumin kai ka kotu. Akwai dokar tarayya ta 1977 da ake kira FDCPA mai tsara yadda masu karɓar bashi ke aiki, sannan hukumar CFPB mai kare jama'a a harkar kuɗi ta fitar da ƙa'idojin da suka fara aiki ranar 30 ga Nuwamba 2021, waɗanda suka hana mai karɓar bashi shigar da ƙara, ko yin barazanar shigarwa, a kan bashin da wa'adinsa ya wuce. Ke nan abin da matar nan ta faɗa maka jiya, ita ce ta taka doka, ba kai ba. Ka rubuta ranar da ta kira, da lokacin, da sunanta, da abin da ta ce, tun kana tune da shi.

Sani Direba (Bronx):
Allah Ya saka da alheri. To me ya sa suka nace a kan dala 50 kawai?

Aminu (Brooklyn):
Saboda a jihohi da yawa, in ka biya ko dala ɗaya, ko ka amsa a rubuce cewa bashin naka ne, wa'adin yana sake farawa daga farko. Bashin da ba za su iya kai ka kotu a kansa ba sai ya farfaɗo gaba ɗayansa, har da ruwan da ya taru. New York ta toshe wannan ƙofa a dokar nan ta 2022, biya bayan wa'adi ba ya farfaɗo da shi. Duk da haka kada ka biya ta waya. Ba ka san ko su waye ba tukuna, kuma da zarar ka karanta musu lambar asusunka ka ba su hanyar shiga kuɗinka.

Malam Bashir (Columbus):
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma raina bai kwanta ba da inda maganar ta nufa. Kowa yana maganar abin da kotu za ta iya da abin da ba za ta iya ba, babu wanda ya tambayi Sani ko ya ci kuɗin. Ya faɗa da bakinsa ya ci. Bashi a musulunci ba ya tsufa. Ya tabbata a hadisi cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Kuma an taɓa kawo gawa, Annabi (SAW) ya tambaya ko da bashi a kanta, aka ce akwai, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wa'adin shekara 3 na jihar New York ba ya aiki a kabari. Ina jin tsoron mu koya wa juna dabarar cin haƙƙin mutane muna ganin wayo ne.

Nura (Minneapolis):
Allah gafarta Malam, haƙƙin wa? Bankin da ya ba shi kati ya daɗe da share bashin daga littafinsa ya sayar. Waɗannan kamfanoni dubban asusu suke saye a dunƙule. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta yi bincike a 2013 ta gano cewa a matsakaici dala 4 suke biya a kan kowace dala 100 ta bashi, tsoho kuwa ƙasa da haka. Wato mai yiwuwa abin da suka kashe a kan asusun Sani bai kai kuɗin man da yake sha a mako ba, amma suna neman 5,870. Sama da rabin kuɗin ma riba ce da tara. Shi ne za a ce talaka mai tuƙi dare da rana ya ɗauka ya ba su?

Malam Bashir (Columbus):
Nura, ban ce ya biya 5,870 ba. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 279, kuna da uwar dukiyarku, ba ku zalunta ba kuma a zalunce ku. Uwar kuɗin ita ce a wuyansa: abin da ya kashe, a cire duk abin da ya riga ya biya. Ribar ba haƙƙinsu ba ce, in yana da hanyar kauce mata ya kauce, dokar ƙasar ma ga shi ta ba shi hanya. Aya ta 280 kuma ta ce mai ƙunci a jira shi sai ya samu, don haka ban ce ya hana iyalinsa abinci ba. Amma cewa banki mai kuɗi ne, ko ba musulmi ba ne, ba ya halatta dukiyarsa. Da amana muka shigo ƙasar nan, da sa hannunsa ya karɓi katin.

Maganar sayar da bashi da rangwame ga wani na uku, mafi yawan malamai ba su halatta ta ba, domin kuɗi ne ake saye da kuɗin da bai kai shi ba. Wannan laifin yana kan mai saye da mai sayarwa. Bai sauke wa Sani nauyin abin da ya ci ba.

Hajiya Rabi (Houston):
Gaskiya Malam ka sa jikina ya yi sanyi. Mu dai tsoronsu ne ya sa muke gudu, ba son cin bashi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma yadda mutanen nan ke magana a waya sai ka ji kamar ɓarawo aka kama.

Aminu (Brooklyn):
Ni ban ga saɓani tsakanin maganata da ta Malam ba. Ko mai niyyar biya ne, ai sai ya san wa zai biya. Asusun nan yakan bi ta hannu uku ko huɗu, wani lokaci abin da mai saye ke riƙe da shi layi ɗaya ne a kwamfuta: suna, adireshi, adadi. Mun ga an bi mutum bashin wani mai suna irin nasa, kuma kun san yawan Muhammad Sani da Ibrahim Musa a cikinmu. Mun ga wanda ya biya kamfani ɗaya, bayan shekara wani daban ya zo da bashin nan dai. Akwai kuma 'yan damfara zalla da ke samo tsofaffin bayanai su yi ta kira. In ya ba wanda ba shi ne mai haƙƙi ba, ya yi asarar kuɗinsa kuma nauyin da Malam ke magana yana nan.

Don haka Malam Sani, duba wasiƙar. Doka ta wajabta musu rubuta sunan wanda ke bin bashin yanzu, da yadda aka lissafa adadin, da ranar ƙarshe ta ƙalubalanta, wadda kwana 30 ce. Ka rubuta musu kafin ranar. Ka ce kana ƙalubalantar bashin, su aiko da sunan bankin asali, da ranar biya na ƙarshe, da takardun da ke nuna yadda asusun ya zo hannunsu. Ka ƙara da cewa kada su sake kiran ka, komai ya zama a rubuce. Kada ka rubuta wata doguwar magana ko labarin rashin lafiyar Mama. Ka aika ta gidan waya, irin aiken da ake sa hannu a karɓa a dawo maka da shaida, ka ajiye kwafi. Da zarar ta isa gare su a cikin wa'adin, dole su dakata har sai sun kawo hujja. Sannan duk mai karɓar bashi daga mazauna birnin New York sai yana da lasisin birni. Ka kira 311, lambar neman bayani ta birnin, ko ka duba shafin hukumar kare masu saye ta birnin ka ga ko suna da shi.

Malam Bashir (Columbus):
Tambaya ɗaya, Aminu. In ya rubuta cewa yana ƙalubalanta alhali ya san ya karɓi kati, ba ƙarya ya yi ba?

Aminu (Brooklyn):
Ba zai ce bai taɓa karɓar kati ba, Malam, wannan ƙarya ce kuma ban ba shi shawararta ba. Abin da yake ƙalubalanta shi ne adadin, da kuma cewa wannan kamfani ne mai haƙƙin karɓa. Duka biyun bai sani ba tukuna. Mai da'awa shi ke kawo hujja.

Malam Bashir (Columbus):
To, a haka babu laifi. Ya dai ƙudurta a ransa cewa in haƙƙi ya bayyana zai sauke.

Sani Direba (Bronx):
In sha Allahu, Malam. Ni ma abin da ke cin raina ke nan, da kuɗin aka yi jinyar mahaifiyata, ba na son ya zama da haƙƙin wani a ciki. Amma maganar takarduna fa? Ita ta fi tayar min da hankali.

Zainab (Baltimore):
Yaya Sani, kwantar da hankalinka. Ni na cike takardar N-400 ta neman zama ɗan ƙasa ina da bashin kati a kaina, kuma na yi rantsuwa lafiya lau. Abin da suke tambaya a kai shi ne harajin da ba ka biya ba, da kuɗin ciyar da 'ya'ya in akwai a kanka. Bashin kati ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa, kuma mai karɓar bashi ba shi da wata hanya zuwa ofishin shige da fice. Suna jin harshenmu a waya su gane baƙi ne, sai su taɓa inda suka san muna tsoro. In kana da lauyan takardu ka gaya masa don ranka ya natsu.

Ga abin da ya faru da ni, ko zai amfane ka. Nawa ya wuce wa'adi, a Maryland shekara 3 ne, amma na ga ba zan iya zama da shi a wuyana ba. Da suka aiko da hujja na rubuta musu cewa zan biya uwar kuɗin kawai, sau ɗaya, da sharaɗin su fara aiko min da takarda mai sa hannu cewa wannan biya ya rufe asusun gaba ɗaya kuma ba za su sayar da ragowar ga kowa ba. Da farko sun ƙi, daga baya su da kansu suka dawo. Na biya da cakin banki, ban ba su lambar asusuna ba. Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu: in abin da suka yafe ya kai dala 600, suna iya aiko maka da takardar 1099-C ta shaidar yafe bashi, kuma hukumar haraji ta IRS tana lissafa shi a matsayin kuɗin shiga. Ni an aiko min. Ka kai wa mai yi maka lissafin haraji, don in a lokacin basussukanka sun fi dukiyarka yawa akwai takarda mai lamba 982 da ke rage shi.

Nura (Minneapolis):
Ni har yanzu ban gamsu ba. Zainab ta biya kamfanin da ya sayi bashinta da 'yan canji, sun ci riba ninki goma, sun ƙara samun ƙarfin bin wasu. Bankin da ta ci kuɗinsa bai ga ko sisi ba. Ta yaya wannan ya zama mayar da haƙƙi ga mai shi? Da ni ne, sai in lissafa uwar kuɗin in ba marayu.

Malam Bashir (Columbus):
Sadaka da kuɗin a madadin mai haƙƙi ana yin ta ne idan an neme shi an rasa. In kamfanin ya kasa kawo hujja, kuma Sani ya tuntuɓi bankin suka ce babu hanyar karɓa, to nan maganarka ta yi daidai. Amma in bankin da kansa ya miƙa haƙƙinsa ga wani kuma takarda ta nuna, ba ni da ikon cewa a tsallake shi don ba ma son sana'arsa. Ni ma ba na son ta. Sani ya kai takardun wurin malamin da ya amince da shi a can Bronx, a zauna a duba, don fatawa a kan abin da ba a gani ba tana da haɗari.

Nura (Minneapolis):
Na ji, Malam, amma a nan mun rabu.

Alhaji Mamane (Greensboro):
Ku yi hanƙuri in sa baki. Masu karantawa daga wasu jihohi kada su ɗauki lissafin New York su ɗora wa kansu. Nan North Carolina shekara 3 ne, Texas ta Hajiya 4, California 4, Georgia 6. Kuma wasu jihohi ba sa lissafa lokacin da mutum ya yi a wajen jihar. Mu da ke zuwa Maraɗi ko Damagaram mu daɗe, wannan ya shafe mu. Kowa ya tambayi ofishin taimakon shari'a kyauta na garinsa kafin ya ce nasa ya wuce.

Usman (Manchester):
Mu a Ingila shekara 6 ne a ƙarƙashin dokar 1980, kuma biya ko amsawa a rubuce kafin su cika yana mayar da lissafi farko. A Scotland 5 ne. Wanda ke nan ya kira masu ba da shawara kan bashi, StepChange ko National Debtline, kyauta ne.

Sani Direba (Bronx):
Na duba rahoton kiredit ɗina, wato tarihin basussukana, a kamfanoni ukun da ke ajiye shi, Equifax da Experian da TransUnion, babu wannan bashi ko ɗaya. Ke nan babu komai a kaina?

Aminu (Brooklyn):
Wannan wani lissafi ne daban. Mummunan bayani yana fita daga rahoto bayan kimanin shekara 7 daga lokacin da ka fara kasa biya, shi ya sa ba ka gan shi ba. Sayar da bashin ba ya sabunta ranar, biya ma ba ya sabunta ta, kuma in suka mayar da shi da sabuwar rana sun saɓa doka, sai ka ƙalubalanta. Amma akwai abin da rahoton ba zai nuna maka ba. Tun wajen 2018 kamfanonin uku suka daina sa hukuncin kotu a ciki. Ka ce ka sake gida a 2015. Yana yiwuwa an kai ƙararka a lokacin da wa'adi bai wuce ba, aka kai sammaci tsohon gida, aka yanke hukunci a bayan idonka. In haka ta faru, maganar shekara 3 ba ta aiki, domin hukuncin kuɗi a New York shekara 20 yake yi. Ka shiga shafin eCourts na kotunan jihar ka nemi sunanka, da duk yadda aka saba rubuta shi daidai da kuskure, ko ka je wurin magatakardan kotu ya duba maka.

Nan ne kuma na saɓa da Hajiya a kan yin banza da su. Kira kana iya ƙin ɗauka. Sammaci kuwa ba a yin banza da shi ko da bashin ya shekara ashirin, don ana son kai ka je ka ce wa'adi ya wuce. A New York kwana 20 ne kake da su in hannu da hannu aka ba ka, 30 in ta wata hanya ce. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar da rahoto a 2020 cewa sama da kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan ƙararraki ana yanke su ne saboda wanda ake ƙara bai amsa ba. Da hukuncin a hannu suna iya yankar kashi 10 cikin 100 na albashi a nan, ko su sa a riƙe asusun banki.

Baba Alhassan (Bronx):
Ɗana Aminu, abin da ka faɗa yanzu shi ya sami yaron ƙanwata da ya zo daga Kumasi. Ranar Juma'a ya je cire kuɗi aka ce an riƙe asusunsa, wai hukuncin kotu na 2016. Wallahi bai taɓa ganin wata takarda ba, a lokacin ma ya bar gidan da suka rubuta. Kuɗin hayarsa ne a ciki. Me za mu yi?

Aminu (Brooklyn):
Baba, kada ku jira, kuma kada ya kira kamfanin ya yi alkawarin biya. Ya karɓi lambar shari'ar daga banki. In a Bronx aka yanke, gobe da safe ya je kotun farar hula da ke 851 Grand Concourse, ya ce wa magatakarda yana son a soke hukuncin da aka yi a bayan idonsa kuma a saki asusunsa, za su ba shi takardar da zai cike. Ya nemi kwafin rantsuwar wanda ya ce ya kai masa sammaci, a nan zai ga adireshi da ranar da aka rubuta. Ya tafi da duk abin da ke nuna inda yake zaune a 2016: yarjejeniyar haya, takardar wuta, lasisin tuƙi, takardun haraji. In ta tabbata ba a kai masa sammaci yadda doka ta ce ba, tsufan hukuncin ba ya hana a soke shi. Dokar jihar kuma ta kare wani adadi a asusu da ba a taɓawa, ya tambayi banki takardar neman wannan kariya, tana da wa'adi gajere. Ya tambayi magatakarda ranar da lauyoyin sa kai na shirin CLARO ke zama, ko ya kira ƙungiyar taimakon shari'a ta Legal Aid Society. In Turancin kotu zai ba shi wahala ya ce yana son tafinta na Hausa, kyauta ne, amma ya faɗa tun a wurin magatakarda don su samu lokacin nemo shi.

Baba Alhassan (Bronx):
Allah Ya yi maka albarka. Tsohuwar takardar hayar tana wurina, zan nemo ta yau da dare, da ni za a je.